Nisa da tsawon tafiyar jirgin sama daga Singafo zuwa New York: me ya sa lissafin ya ƙi fita?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya a kan tafiyar jirgin sama tsakanin Singafo da New York, kuma ina roƙon wanda Allah ya hore wa sani a wannan fanni ya warware mini ita dalla-dalla. Aiki ne zai kai ni Singafo na 'yan makonni, daga can in wuce New York wani taro, sannan in komo Singafo in ƙarasa abin da na fara. Da na zauna tsara ranakun tafiyar sai na ci karo da alƙaluma iri-iri waɗanda na kasa haɗa kansu.

Nisan kansa ma ban tsayar da shi ba. A wani wuri na ga 15,349, a wani wuri 9,537, a wani kuma 8,288, alhali duk tafiya ɗaya ake nufi. Na ɗauki mafi girma a matsayin kilomita, na raba shi da 900, tunda an ce jiragen fasinja na yanzu suna gudun kimanin kilomita 900 a awa ɗaya, sai na samu awa 17 da 'yan mintoci. Amma jadawalin kamfanin ya nuna wajen awa 18 da rabi a zuwa, dawowa kuma kusan awa 19. Ina ragowar awa ɗaya da rabi zuwa biyu take shiga?

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne lokutan da aka rubuta a kan tikiti. Jirgin zai tashi daga Singafo wajen ƙarfe 12 na rana, ya sauka New York wajen 6:30 na yammacin wannan ranar, wanda a ido bai wuce awa shida da rabi ba. A dawowa kuwa zai tashi wajen 10:30 na daren Juma'a, ba zai sauka ba sai wajen 5:30 na asubahin Lahadi. Sannan da na duba hanyar da jiragen suka bi a kwanakin baya, na ga mai zuwa ya yi gabas ta wajen Japan da Alaska da Kanada, mai dawowa kuma bai juyo ta inda aka zo ba, shi ma gabas ya nausa, ya ƙetare tekun Atlantika ya bi ta saman Turai. Babu ɗaya daga cikinsu da ya bi miƙaƙƙen layin da na ja a kan taswira. Ina so in fahimci dalili, domin akwai masu tarbata a ɓangarorin biyu, kuma ba na so in ba su ranar da ba ita ba.

Malamin Taswira ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Matambayi ba ya ɓata. Zan ɗauki abin da ya shafi nisa da hanya, maganar agogo kuma in bar wa waɗanda suka fi ni yawan tafiya.

Alƙaluman nan uku duk daidai ne, ma'aunin ne ya bambanta. 15,349 kilomita ne. 9,537 mil ne na tudu, irin wanda Amurka da Ingila suke aunawa da shi, kuma mil ɗaya mita 1,609 ne. 8,288 kuma mil ne na teku, wanda matuƙa jiragen ruwa da na sama suke aiki da shi, shi kuma mita 1,852 ne. Nisan daga filin jirgin sama na Changi ne zuwa filin John F. Kennedy. Idan a filin Newark za ka sauka, wanda yake ƙetaren kogi a jihar New Jersey, nisan kilomita 15,344 ne, wato bambancin kilomita biyar kacal.

Layin da ka ja a kan taswira shi ne ya yaudare ka, kuma ba kai kaɗai yake yaudara ba. Duniya dunƙulalliya ce, taswirar bango kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, kuma babu yadda za a yi a baje abu dunƙulalle a kan takarda ba tare da an ja wani sashe nasa ya buɗe ba. Taswirar da aka fi sabawa da ita ta samo asali ne daga wadda Gerardus Mercator ya zana a 1569 domin masu tuƙin jirgin ruwa, kuma ita tana kumbura ƙasashen da suke can arewa da can kudu ƙwarai, shi ya sa Girinlan take fitowa kamar ta kai Afirka girma alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. A irin wannan taswira duk hanyar da ta bi ta arewa sai ta zama kamar zagaye ne mai nisa.

Idan kana da ƙwallon taswirar duniya, irin wanda ake ajiyewa a aji, ka samo zare. Ka danne bakinsa ɗaya da yatsa a kan Singafo, ka ja ɗaya bakin zuwa New York, ka ɗame shi har ya daina lilo. Za ka ga zaren ya ƙi bin tsakiyar tekun Fasifik, ya haura arewa ta saman Sin da Mongoliya da Saibiriya, ya goga ƙuryar arewacin duniya, sannan ya gangaro ta gabashin Kanada. Dalili shi ne, a cikin layukan tsaye da aka ja a kan ƙwallon daga ƙuryar arewa zuwa ta kudu, Singafo tana kan na wajen digiri 104 gabas, New York kuma tana wajen digiri 74 yamma, jimilla digiri 178, saura biyu kawai ya cika 180, inda layukan nasu biyu za su zama kishiyoyin juna a bayan duniya. Duk garuruwa biyu da suke haka, kuma suna arewa da tsakiyar duniya, gajeriyar hanyarsu ta ƙuryar arewa take bi. Tsawon wannan zare shi ne kilomita 15,349 ɗin da ka gani. Kewayen duniya duka kilomita 40,075 ne a tsakiyarta, saboda haka babu garuruwa biyu da za su yi nisan da ya wuce kimanin kilomita 20,000, kuma tafiyarka ta cinye kashi uku cikin huɗu na wannan iyaka.

To, amma jirgi a cikin iska yake tafiya, iskar kuma ba a tsaye take ba. Kilomita 900 ɗin da ka yi lissafi da ita gudun jirgi ne idan an auna shi da iskar da take kewaye da shi. A can sama, tsakanin kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, daidai inda jiragen fasinja suke shawagi, akwai wani kogin iska mai gudu daga yamma zuwa gabas, wanda gudunsa yakan haura kilomita 200 a awa, da hunturu kuma yakan wuce 300, musamman a saman Japan da arewacin Atlantika. Wani masanin yanayi ɗan Japan, Wasaburo Oishi, yana cikin waɗanda suka fara auna shi da balan-balan a shekarun 1920. Jirgin da ya shiga wannan kogi yana fuskantar gabas kamar kwalekwale ne da ya bi ruwa, wanda kuma ya fuskanci yamma kamar mai haurawa ne gaba da ruwa.

Bari in ba ka lissafi da hanya mafi gajarta domin abin ya fito fili. Daga New York zuwa Landan kimanin kilomita 5,550 ne. In babu iska, jirgi mai gudun 900 zai yi awa 6 da minti 10 kowane ɓangare, zuwa da dawowa awa 12 da minti 20. Mu ɗauka iska mai gudun kilomita 150 tana kaɗawa gabas tun daga farko har ƙarshe. Mai zuwa Landan zai riƙa cin kilomita 1,050 a awa, ya isa cikin awa 5 da minti 17, mai dawowa kuma 750 kawai zai riƙa ci, sai ya yi awa 7 da minti 24. Haɗa su ka ga awa 12 da minti 41. Abin da iska ta ba ka a zuwa bai kai abin da ta karɓe a dawowa ba, saboda ka fi daɗewa a cikin wadda take tare ka fiye da wadda take tura ka. Wannan ƙaramin lissafi yana burge ni har yau, domin yawancin ɗalibai sukan rantse cewa ribar da asarar za su share juna.

A watan Fabrairu na 2020, lokacin guguwar da aka sa wa suna Ciara, wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya tashi daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, hanyar da aka saba ware mata wajen awa bakwai. Gudunsa a kan ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa, amma a cikin iskar da take ɗauke da shi gudunsa na kullum yake yi.

Da wannan za ka gane abin da ka gani. Mai zuwa New York yana karkata gabas ta Japan da Alaska domin iska ta tura shi. Mai dawowa kuma idan ya juyo ta wannan hanya zai yi ta kokawa da iskar awa da awanni, don haka sau da yawa gara ya ci gaba da fuskantar gabas, ya ƙetare Atlantika da Turai da yammacin Asiya, ko da hanyar ta haura kilomita 16,000 da yawa. Kilomita 16,800 a gudun 1,000 ba ta kai awa 17 ba, alhali kilomita 15,349 a gudun 850 ta wuce awa 18. Idan aka haɗa zuwanka da dawowarka ta waɗannan hanyoyi biyu, ka kewaye duniya ke nan gaba ɗaya kana fuskantar gabas.

Uwar Matafiya ta amsa:

Malam ya gama da maganar hanya, ni kuma bari in taɓa ta agogo, domin ita ce take jefa mutane cikin wahala fiye da kowace.

Ɗan'uwa, duk lokacin da ka gani a kan tikiti lokacin garin da abin zai faru ne. Lokacin tashi agogon garin da za ka bari ne, lokacin sauka kuma agogon garin da za ka isa. Singafo tana gaba da agogon GMT da awa 8 duk shekara, ba ta taɓa agogonta. New York tana baya da GMT da awa 5 da hunturu, amma daga Lahadi ta biyu a watan Maris zuwa Lahadi ta farko a watan Nuwamba suna tura agogo gaba da awa ɗaya, sai ta koma awa 4. Tazarar da ke tsakanin garuruwan biyu ke nan awa 12 a wancan tsakani, awa 13 kuma a sauran watanni.

Yanzu ɗauki tikitinka. Ka tashi ƙarfe 12 na ranar Litinin a Singafo, ka yi awa 18 da rabi, agogon hannunka wanda ba ka taɓa ba zai nuna 6:30 na safiyar Talata. Cire awa 12, sai ka koma 6:30 na yammacin Litinin, abin da agogon bangon filin jirgin New York zai nuna ke nan. A dawowa ka tashi 10:30 na daren Juma'a, ka ƙara awa 19, ka samu 5:30 na yammacin Asabar a agogon New York, sannan ka ƙara awa 12, ka faɗa 5:30 na asubahin Lahadi. Awa 12 ɗin da kalanda ta ranta maka a zuwa ita ce ta karɓe a dawowa. Ka lura da ƙaramar alamar +1 ko +2 da ake sakawa a gefen lokacin sauka, ita ce take nuna kwana nawa kalanda ta matsa.

Ina jaddada wannan ne domin ya taɓa ritsawa da ni. Wata shekara na taso daga Amurka zuwa gabashin Asiya da mahaifiyata, wadda take fama da hawan jini da ciwon sukari. Na gaya wa masu tarbarmu ranar da ke biye da ranar tashi, ban kula da +2 ɗin nan ba, suka zo filin jirgi kwana guda kafin mu iso, suka wuni suna jira cikin fargaba, wayoyinmu kuma a kashe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganinta, domin a cikin jirgi an rufe tagogi an rage fitilu, ba ka san dare ba ka san rana, na rasa ko da agogon ina zan ba ta. Tun daga ranar, in zan yi doguwar tafiya nakan bar agogo ɗaya a kan lokacin garin da na baro har sai na sauka, kuma duk mai shan magani a kan ƙa'ida ina ba shi shawara ya zauna da likitansa kafin tafiyar su tsara sa'o'in tare.

Akwai kuma abin da Malam bai ambata ba, wato hanyar da zaren nan ya nuna ba kowa ne yake iya binta yanzu ba. Tun daga ƙarshen Fabrairu na 2022, da yaƙin Yukiren ya ɓarke, sararin samaniyar Rasha ya rufu ga jiragen Turai da Amurka da Kanada, wasu kamfanonin kuma suka daina shiga don kansu. Na san hanyar Landan da Tokyo kafin wannan lokaci, wajen awa 12 ce ta saman Saibiriya. Da na sake binta bayan haka, daga Tokyo, sai na ga a ɗan allon da ke bayan kujera jirginmu ya juya wa Turai baya ya nufi gabas, ya bi ta gefen Alaska, ya ratsa ƙanƙarar arewa, ya sauko ta Girinlan, muka shigo Birtaniya ta Sikotlan bayan fiye da awa 14. Jiragen Finnair daga Helsinki zuwa Tokyo, waɗanda suke yin wajen awa 9 a da, sun koma yin wajen 13. Garuruwan suna nan inda suke, nisan da na'ura za ta ba ka bai canza ko da kilomita ɗaya ba, amma tafiyar ta ƙaru da awa biyu zuwa huɗu.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya. Na samo ƙwallon taswira na gwada da zare, kuma gani ya kori ji, lallai ta ƙuryar arewa ya bi. Sai dai wata tambaya ta taso mini daga bayanin Malam. Tunda duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, ashe ba jirgin da ya nufi yamma ne ya kamata ya fi saurin isa ba, tunda garin da ya nufa yana tahowa ya tarye shi? Sannan har yanzu ina ganin kamar akwai saura a lissafin, domin idan iska tana taimakon jirgin a zuwa da dawowa kamar yadda aka bayyana, me ya sa jadawalin bai sauko ƙasa da awa 17 ba?

Malamin Taswira ya amsa:

Tambayar farko tawa ce. Gaskiya ne duniya tana juyawa gabas, a tsakiyarta ma da gudun kimanin kilomita 1,670 a awa. Amma ba ƙasa kaɗai take juyawa ba, iskar da ta lulluɓe ta ma tare suke tafiya, jirgin da yake tsaye a kan titinsa kuma yana ɗauke da wannan gudu tun kafin ya tashi. Mutumin da yake cikin jirgin ƙasa mai gudu idan ya yi tsalle a inda yake zai dira, bangon baya ba zai zo ya same shi ba. Da a ce iska ba ta bin duniya, da kullum muna cikin guguwar da ta fi gudun sauti. Inda juyawar duniya take shiga maganar shi ne wajen haifar da kogin iskar nan: iska mai ɗumi daga tsakiyar duniya tana matsawa wajen sanyin arewa, juyawar duniya kuma tana karkatar da ita zuwa gabas. Sakamakon sai ya zama akasin abin da ka zata, mai zuwa gabas ne yake cin riba.

Baba Injiniya ya amsa:

Ɗana, tambayarka ta biyu ita ce ta fi kusa da aikin da na yi shekaru ina yi, kuma da izinin Malam zan ɗan rage wa iska matsayin da ya ba ta, domin ita ɗaya ce daga cikin abubuwan da ake ɗorawa a kan sikeli.

Lokacin da yake kan jadawali ba lokacin da jirgi yake sama ba ne kawai. Ana fara ƙirga shi daga sa'ar da aka ture jirgi baya daga ƙofar shiga, ana rufe shi sa'ar da ya tsaya cak a ƙofar sauka. A tsakani akwai tafiyar da yake yi a ƙasa zuwa bakin titin tashi, da layin da yake bi a bayan wasu jirage, wanda a fili mai cunkoso irin na Kennedy da yamma yakan ci rabin awa ko fiye. Bayan tashi kuma ba nan take yake kai gudun 900 ba, yana ɗaukar wajen rabin awa yana hawa, a saukowa ma wajen haka yana rage gudu, wani lokaci kuma masu kula da zirga-zirgar jirage su sa shi ya yi ta kewaya yana jiran a ba shi titi. A kan wannan duka kamfani yakan ƙara 'yan mintoci na ko-ta-kwana, domin jadawali ɗaya ake bugawa na watanni, iska kuwa kowace rana da irin tata. Shi ya sa za ka iya sauka da rabin awa ko fiye kafin lokacin da aka rubuta, kuma babu wanda ya yi gaggawa.

Kogin iskar ma ba ya raka jirgi tun daga Singafo har New York. A kusa da tsakiyar duniya, inda Singafo take, iskar sama ba ta da wannan ƙarfi, wani lokaci ma daga gabas take busowa. Sai jirgi ya haura wajen Japan kafin ya samu mai tura shi, kuma yana biyan wannan taimako da ƙarin kilomita dubu ɗaya ko fiye. Ribar ba ta kai yadda lissafin takarda yake nunawa ba.

Sai maganar mai, wadda ita ce uwar komai a irin wannan tafiya. Kamfanin Singapore Airlines ya fara wannan hanya kai-tsaye zuwa Newark a 2004 da Airbus A340-500 mai injuna huɗu, ya dakatar da ita a 2013 saboda man da jirgin yake sha ya yi yawa, sannan ya dawo da ita a watan Oktoba na 2018 da A350-900ULR mai injuna biyu. Hanyar filin Kennedy kuma a watan Nuwamba na 2020 aka buɗe ta. A350-900ULR ɗin yana iya ɗaukar lita 165,000 ta mai, amma kujerunsa 161 ne kacal, alhali irinsa na yau da kullum yana ɗaukar mutum 250 zuwa sama da 300. Man da za a ƙona a awa ta goma sha takwas dole a ɗauke shi tun daga awa ta farko, ɗaukarsa kuma mai yake ci. Saboda nauyin nan jirgin ba ya iya hawa can ƙololuwa da farko. Yana farawa a ƙasa-ƙasa, duk bayan 'yan awanni da ya sauƙaƙa sai matuƙi ya nemi izini ya ƙara hawa mataki ɗaya, har ya kai wajen kilomita 12 a ƙarshen tafiya. Idan ka kasa kunne a tsakiyar dare za ka ji ƙarar injin ta ɗan ƙaru na minti biyu ko uku sannan ta lafa, hawan ke nan.

Za ka ce me zai hana a taka wuta a rage awa ɗaya. Waɗannan jirage suna tafiya ne a wajen kashi 85 cikin 100 na gudun sauti, kuma da zarar an matsa sama da haka iska takan fara turjiya mai tsanani, shan mai ya yi tsalle. Wannan ne dalilin da ya sa jirgin yau bai fi Boeing 707 na 1958 gudu ba, abin da ya fi shi kawai nisan zango da tsimin mai. Jirgin fasinjan da ake kira Concorde ne ya ƙetare wannan shinge, yana ninka gudun sauti, har a watan Fabrairu na 1996 ya yi New York zuwa Landan cikin awa 2 da minti 53 ba daƙiƙa ɗaya, amma mutum 100 kawai yake ɗauka, mansa ba zai kai shi rabin hanyarka ba, kuma an ajiye shi a 2003.

Akwai kuma ƙa'idar da ake kira ETOPS, wadda ta shafi jirage masu injuna biyu. Dole hanyar da aka zana ta kasance a kowane lokaci jirgi yana iya kai wa wani filin sauka da inji ɗaya cikin adadin mintocin da aka amince masa. A da minti 60 ne, a 1985 aka fara ba da 120, A350 kuma hukumar kula da lafiyar zirga-zirgar jiragen sama ta Turai ta amince masa har minti 370 a 2014. Duk da wannan sassauci, mai tsara hanya yana duba yanayin filayen da za a iya ratsewa a ranar, ya duba inda hadari ya taru, da inda ake yaƙi, da kuɗin da kowace ƙasa take karɓa in an bi ta samanta, sannan ya zaɓa. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, kuma a wannan aiki ba a ɗaukar maganar da wasa. Hanyar da jirginka zai bi ba za a tsayar da ita ba sai 'yan awanni kafin tashi, don haka wadda ka gani a makon jiya ba lallai ita za ka bi ba.

Idan kana son ƙiyasi na kanka ga kowace doguwar tafiya, ka raba kilomitar da 850 maimakon 900, ka ƙara minti 40. Gwada da taka: awa 18 da 'yan mintoci, da ƙarin 40, ka faɗa tsakanin alƙaluman biyu da kamfanin ya ba ka.

Mai Neman Sani ya rubuta:

Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na gwada, na samu awa 18 da minti 43. Na rubuta wa masu tarbata a New York cewa Litinin 6:30 na yamma agogonsu, na Singafo kuma Lahadi 5:30 na asuba agogonsu. Zan tafi a makon ƙarshe na Oktoba, in dawo a mako na biyu na Nuwamba.

Uwar Matafiya ta amsa:

Ɗan'uwa, tsaya ka sake duba tikitin dawowar da kyau kafin ka tabbatar musu. Lahadi ta farko a Nuwamba za ta same ka a New York, ranar da suke mayar da agogo baya, saboda haka a zuwa tazarar awa 12 ce, a dawowa kuma 13. Idan lokutan da ka kawo mana daga jadawalin wani wata ka ɗauko su, to na ranarka zai iya bambanta da awa guda, ko a tashi ko a sauka. Ka aika musu da lambar jirgin tare da ranar, domin su riƙa duba lokacin saukarsa da kansu kafin su baro gida.